Sarkin da Ya Ƙyamaci Warin Jima

An yi wani sarki a Birnin Kwargi, sunansa Zailani ɗan Alwali, wanda Allah ya hore wa kwarjini da haƙuri da sanin martabar malamai, har talakawansa kan ce in ƙararka ta kai gabansa to ka je ka kwana da minshari, domin ba ya karɓar toshiya, ba ya kuma duban rigar mai ƙara kafin ya saurari bakinsa. Sai dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma ɗayan da ya rage wa wannan sarki a hancinsa yake: ba ya iya jure warin jima. In iska ta kaɗo daga unguwar majema, wadda ke jikin ganuwa ta gabas, sai ka ga fuskarsa ta sauya, ƙirjinsa ya cushe, ya miƙe a tsakiyar shari'a ya shige gida, ranar kuma ko fura ba ta wuce maƙogwaronsa. Fadawa sun ƙona turaren wuta har sun gaji, abin bai yi magani ba.

Wata shekara da damina iskar gabas ta yi kwana goma sha bakwai ba ta juya ba. A rana ta goma sha takwas Sarki ya fito idanunsa jawur, ya ce ya yanke hukunci: majema su tashi daga birni cikin kwana bakwai, su koma hayin kogi. Gida sittin ne da 'yan kai. Kwatarniyoyin jimarsu a binne suke tun zamanin kakanni, itatuwan bagaruwar da suke jima da 'ya'yansu iyayensu ne suka dasa, hayin kogi kuwa fadama ce wadda ruwa kan shanye har zuwa kaka. Kowa a fada ya san wannan, amma babu wanda ya buɗe baki. Waziri Barmo, wanda shi ya kamata ya yi magana, mutum ne da in ka tambaye shi ko gari ya waye sai ya fara duban fuskar Sarki tukuna.

To, akwai wata ƙa'ida a Kwargi wadda ko sarki ba ya tsallake ta: mai shela ba ya fita da umarni sai an rubuta hujjarsa a ƙarƙashinsa, alƙali ya sa hannu. Waziri ya ɗauki alƙalami ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wace hujja zan rubuta?"

Sarki ya ce, "Rubuta ƙyama."

Waziri ya rubuta. Saura abu guda. Akwai wani Bature ɗan kasuwa a mashigar kogi, wanda mutane suka laƙaba wa suna Mai Tabarau, shi ke sayen jar fatar Kwargi yana aikawa ƙasarsu, kuma akwai alkawari tsakaninsa da fada cewa duk umarnin da ya shafi fata za a sanar da shi cikin harshensa kafin a yi shela. Saboda haka aka aika a kirawo Malam Tanimu tafinta.

Shi wannan Malam Tanimu tsoho ne matalauci, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a bakin teku yana tafinta tsakanin fatake da Turawan jirgi, ya dawo gida bai tara kome ba sai tari da harshe. Da rubuta wa mutane wasiƙa yake cin abinci. Ya zo cikin rigarsa guda ɗaya wadda wanki ya cinye wa wuya, ya faɗi ya yi gaisuwa, aka miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu, ya ajiye ta a kan buzu, bai taɓa tawada ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, umarnin zan iya juya shi yanzun nan, amma hujjar ta tsaya mini, ba kuwa don na rasa kalmar ba. Turawa suna da kalmar da suke faɗa wa ƙyama, na kuma ji ta a bakinsu fiye da yadda zan iya tunawa, sai dai na lura da wuya su sake ta ta fita ita kaɗai, kamar yadda ba a sakin baƙo a gari ba tare da ɗan rakiya ba. Sukan ce ƙyama mai ƙarfi, sukan ce mai zurfi, sukan ce ta halitta, wato wadda aka haifi mutum da ita. Attajiransu suna da wadda suke kira ƙyamar kasada, ta mutumin da ya fi son riba kaɗan tabbatacciya a kan babbar riba mai haɗari. Har akwai wadda suke jinginawa ga dabbar gida, su ce wannan ita ce ƙyamar da wane yake kiwo, yana ba ta ci yana ba ta sha kamar kyanwarsa. Haka nan wajen aikin da ake yi da ita: wani su ce yana da ita, wani su ce ta tsiro masa daga baya, wani su ce ya rinjaye ta. In na aika wa Mai Tabarau da ita tsirara, zai aiko ya tambaya wace iri ce, ni kuwa ban sani ba. Sarki ya faɗa mini abokiyar tafiyarta, in rubuta."

Waziri ya zabura ya ce, "Kai Malam, a gaban Zaki kake wannan dogon Turanci? An ce ƙyama, ka rubuta ƙyama!"

Sarki ya ɗaga masa hannu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma mutum ne mai son mas'ala, kuma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya lalubi amsar a zuciyarsa bai same ta ba. Ya ce, "Malam, kai ka ɗauko wannan kaya, kai za ka sauke shi. Na ba ka kwana uku. Ka zo mini da abokiyar tafiyar ƙyamata, ka kuma kafa mini hujja a kanta wadda alƙali zai karɓa. In ka iya, sai in sake duban hukuncina. In ka kasa, majema za su tashi, kai ma ka ɗauki allonka da tawadarka ka bi su hayi, ka koya wa kwaɗi Turanci."

Malam Tanimu ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe. Kwana uku sun isa." Ya faɗi haka ne kamar wanda aka ce ya je ya ɗebo ruwa a randa, har wasu fadawa suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ba tsufa ba ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tsaye tsakanin masu ciniki biyu ya san cewa abin da mutum ya faɗa daban, abin da ya sa ya faɗa daban, kuma na biyun ake nema. Washegari bai buɗe littafi ba, sai ya nufi bayan fada wurin Iya Ladingo, tsohuwar da ta goyi Sarki. Ya same ta tana kaɗi a inuwar ɗakinta. Bayan gaisuwa ya ce, "Iya, tun yana jariri yake gudun warin jima?"

Ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Wa? Zailani? Malam, yaron da na sha dukan cinyata ina nemansa, a ƙarshe in tsinto shi a majema ya tsoma hannu cikin ruwan karan dafi har gwiwar hannu? Sai in kamo kunnensa in kawo shi gida jawur kamar ɗan jan biri. Ɗangiwa, wanda yake Sarkin Majema yanzu, shi ke ɗaukarsa a kafaɗa yana ɗinka masa 'yan takalma."

"To yaushe ya daina zuwa?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Shekarar da mahaifinsa ya rasu, yana da shekara bakwai. Ranar jana'iza ya ɓace mini tun hantsi, sai bayan azahar aka kawo mini shi a sume, jikinsa kamar garwashi. Kwana tara yana zazzaɓi. Da ya tashi bai san abin da ya faru ba, ni ma ban sani ba, don ka san mata da yara ba sa kusantar inda ake shirya gawar sarki. Daga nan ko takalmi sabo aka kawo masa sai an shanya shi wata guda."

A rana ta biyu Malam Tanimu ya shiga unguwar majema. Ya tarar da mata suna ɗaure tukwane, maza suna tsaye a bakin kwatarniyoyi suna dubansu kamar masu ta'aziyya, domin fatun da ke ciki sai sun ƙara kwana goma kafin su nuna, in an tsamo su yanzu sun lalace. Ɗangiwa yana zaune a gindin bagaruwa, tsoho mai faɗin kafaɗa, farcensa sun rine har abada. Malam Tanimu ya zauna kusa da shi ya ce, "Sarkin Majema, wa ya kai yaron nan wurin Iya Ladingo ranar da Sarki Alwali ya rasu?"

Ɗangiwa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na kai shi. Iyakar abin da zan faɗa maka ke nan. Akwai aikin da gidanmu ke yi wa gidan sarauta, kuma duk wanda ya gaje shi sai ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba, sai fa sarki da kansa in ya tambaya da bakinsa. Sarakunan da suka gabata iyayensu ko yayyensu kan raɗa musu su tambaya. Shi wannan ya tashi maraya, baffansa ya riƙe sarauta shekara ashirin ya mutu bai gaya masa ba, shi kuwa tun da ya hau bai taɓa yarda na matso inda yake ba."

"Kana nufin za ka kwashi gida sittin ka kai su cikin ruwa, alhali maganar da za ta cece su tana bakinka?"

"Rantsuwa ce, Malam. In na karya ta, da wane ido zan dubi ubana gobe kiyama?"

Ni mai ba da wannan labari na rasa wanda ya fi ba ni haushi a nan, tsakanin sarkin da bai san zai tambaya ba da tsohon da ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, shekara arba'in suna kwana a gari ɗaya. Amma Malam Tanimu bai yi fushi ba. Ya ce, "Riƙe rantsuwarka. Gobe ka yi wanka da sabulu sau uku, ka sa rigar da ba ta taɓa shiga majema ba, ka same ni a ƙofar fada da hantsi."

A rana ta uku ya roƙi a sallami jama'a, a bar Waziri da alƙali kaɗai. Da aka watse ya gurfana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, zan fara da waɗanda ba su ba ne. Ƙyamarka ba ta halitta ba ce, domin wadda ta goya ka ta shaida cewa kana yaro majema ce wurin wasanka. Ba kuma ta addini ba ce, ga alƙali nan, ya san fatar abin da aka yanka tsarkakakkiya ce, kuma a kan buzu kake salla, a cikin gafaka kake ajiye Alƙur'aninka. Ba ta cuta ba ce, domin majema sun fi fadawanka tsawon rai. Ba kuma wadda ake kiwo don jin daɗi ba ce, domin na ga yadda take wahalar da kai. Saura guda, wadda ta tsiro daga baya, kuma duk abin da ya tsiro yana da ranar da aka shuka shi. Ban san abin da aka shuka ba, amma na san ranar, na kuma san wanda ya gani. Yana bakin ƙofa. Ba zai yi magana ba sai ka tambaye shi da bakinka."

Aka shigo da Ɗangiwa. Duk da wankan da ya yi, Sarki ya ja amawali ya rufe hancinsa, gumi ya keto masa. Ya daure ya ce, "Sarkin Majema, me ka sani game da ni wanda ni ban sani ba?"

Tsohon ya kifa goshinsa a ƙasa, ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi da na ji wannan tambaya kafin in mutu. Zaki, al'adar gidanku ce in sarki ya rasu a yanka baƙin sa nan take, a feɗe shi, bayan an yi wa mamaci wanka an sa masa likkafani sai a shimfiɗa ɗanyar fatar a kan makara, a ɗora shi a kai a kai shi makwancinsa. Gidanmu ke feɗewa, gidanmu ke shimfiɗawa. Ranar da mahaifinka ya rasu ni da ubana muka yi aikin. Ban san ta inda ka shigo ba. Mun ɗaga makara ke nan sai na gan ka ka kama gefen fatar da hannu biyu, ka cusa fuskarka a ciki, kana cewa a sauke maka babanka. Manya duk suka tsaya, babu mai iya taɓa ɗan sarki. Ni da nake ɗaukarka a kafaɗa, ni na ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya. Ka dube ni, ka faɗi a sume."

Sarki ya saki amawalin da kansa. Ya ce, "Fatar fa? An binne ta tare da shi?"

"Ba a binne ta, ranka ya daɗe. Mukan kai ta gida mu gyara ta, mu ɗaure ta a kan babban tambari, domin ɗa ya riƙa jin amon abin da ya ɗauki ubansa. Tambarin da ake buga maka kowace jajibirin Juma'a, ita ce a kansa. Baffanka ya rasu a hanyar Makka, ba a sauya ta ba."

Sarki ya sa aka ɗauko tambarin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar, wadda duka ya sa ta yi santsi a tsakiya, sauran baƙin gashi na nan a gefe inda igiya ta kama. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya yi kuka irin wanda bai samu ya yi ba yana ɗan shekara bakwai, Waziri ya sunkuyar da kai, alƙali yana ta salati a hankali.

Da ya natsu ya dubi Malam Tanimu ya ce, "Malam, me za ka rubuta wa Mai Tabarau?"

Ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki haƙuri, in da za a rubuta, sai in ce ƙyama ce mai zurfi wadda ta tsiro daga baya, kuma irin wannan ita ce suka fi haɗawa da maganar rinjaya. Amma mu a nan gida ba ma bukatar dogon bayani, maraici ne. Kuma a duk shekarun da na yi tare da su ina sauraron abin da suke haɗa kalmar nan da shi, ban taɓa jin alƙalinsu ya karɓe ta a matsayin shaida a kan wani ba. Alƙalinmu ma na tabbata ba zai karɓa ba."

Alƙali ya ce, "Ba zan karɓa ba, kuma ina neman gafarar Allah da na yi shiru ranar farko."

Sarki ya karɓi takardar daga hannun Waziri ya yaga ta biyu. Ya ce, "Na kusa korar mutanen da suka ɗauki ubana, waɗanda kuma za su ɗauke ni, a kan laifin da ba nasu ba." Ya miƙe ya kama hannun Ɗangiwa, hannun nan mai rinannun farce, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya gyaɗa kai.

Ran nan da la'asar Sarki ya taka da ƙafarsa har unguwar majema, ya tsaya a bakin kwatarniyoyi ya gaya wa mutane su kwance kayansu. Kada wani ya ce muku warin ya daina damunsa daga ranar, ƙarya ce: ya dawo gida bai ci tuwo ba, kuma har ya tsufa iskar gabas takan sa idanunsa ruwa. Sai dai ya sa an gina masa wani zaure a yammacin fada, in iskar ta taso ya koma can ya ci gaba da shari'a, ya ce tun da ciwon nasa ne, shi ya kamata ya matsa.

Ɗangiwa aka yafa masa alkyabba, aka ba gidansa wurin zama a fada ranar Juma'a. Malam Tanimu kuwa Sarki ya ba shi gida da gona da riguna uku, ya kuma naɗa shi mai duba hujjar kowane umarni kafin ya isa hannun mai shela, da izinin ya mayar da shi ko da daga bakin Sarki ya fito. An ce ya mayar da guda huɗu kafin ya rasu, Sarki bai taɓa yi masa fushi ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, ƙyama tana zuciyar mai ita, laifi yana wuyan mai shi, kuma sarki adali shi ne wanda yake neman shaida daga zuciyarsa kamar yadda yake nema daga bakin mai ƙara. Allah ya tsare mu da hukunta bayinsa a kan ciwon da ke cikinmu.